Wasan Samarin Gure: Da Bakin Wa Suke Magana?



Wata ranar Asabar cikin ɗarin da ya wuce, bayan la'asar, na bi ɗalibaina na ajin yaƙi da jahilci zuwa filin wata lakwal a nan Gure, don kallon wasan da samarin unguwa suka shirya. Su goma ne, maza takwas da mata biyu. An shimfiɗa tabarmi, an jera kujeru don manya, an ta da injin wuta. Jama'a ta taru ƙwarai: Mangawa da Hausawa da Fulani, har da Tubawa kaɗan waɗanda kasuwa ta kawo gari. Wasan ya ɗauki kamar awa ɗaya da rabi. Na koma gida da murna da damuwa gaba ɗaya, shi ya sa na ɗauki alƙalami. Ba zan ambaci sunan kowa ba, don ba ƙarar yaran na kawo maka ba. Abin da suka fara babba ne, abin da ke neman ɓata shi kuma ba ƙarami ba ne.

Wane irin wasa ne?

Abu uku aka gama wuri ɗaya. Na farko shi ne rap, wanda waɗansu ke kira gambarar zamani: mutum ya riƙa zuba magana da sauri bisa kiɗa mai maimaita kansa, ƙarshen kowane layi yana amsa na bayansa. Na biyu shi ne silam, wato rubutacciyar waƙa wadda mai ita ke faɗa da bakinsa gaban jama'a, ba rerawa, ba amshi, sai murya da numfashi. Na uku kuwa wasan kwaikwayo ne, teyatur ɗin nan da ka sani. A wasan Gure ƴan kwaikwayo ne ke ɗauke da labari. In abu ya yi zafi, sai masu rap su shigo su amayar da fushin samari. In aka zo wurin da zuciya ta karye, sai kiɗa ya tsaya, mai silam ya fito shi kaɗai.

Rap a Amurka aka haife shi, a unguwar Bronx ta birnin Niyu Yok. Masu bin tarihinsa sukan fara ƙidaya daga wani biki da mai juya faifai Kool Herc ya yi ranar 11 ga Agusta 1973. Da fari abin rawa ne da nishaɗi. A 1982 Grandmaster Flash da ƙungiyarsa suka fitar da waƙar The Message, wadda ta bayyana talauci da ƙuncin unguwannin baƙar fata, sai mutane suka gane ashe wannan kiɗa yana iya ɗaukar magana mai nauyi. Silam kuwa wani ma'aikacin gini mai suna Marc Smith ya ƙago shi a birnin Shikago cikin shekarun 1980, don ya fid da waƙa daga cikin littafi ya kai ta inda mutane ke taruwa.

Da abin ya iso Afirka sai ya sake riga. A Dakar ƙungiyar Positive Black Soul, wadda aka kafa a 1989, ta sa harshen Wolof a ciki. A 2011 waɗansu masu rap da ƴan jarida na Senegal suka kafa Y'en a marre, wato mun gaji, suka tsaya kan Abdullahi Wad kada ya zarce karo na uku, kuma ya faɗi zaɓen 2012. A Burkina Faso mawaƙin rap Smockey yana cikin waɗanda suka kafa Balai Citoyen, tsintsiyar ƴan ƙasa, a 2013. Shekara ɗaya bayan haka, cikin Oktoba 2014, Blaise Compaoré ya bar kujerar da ya yi shekara 27 bisanta. A Kano waƙar Girgiza Kai ta Ziriums, wadda ta taɓo masu tace fina-finai da waƙoƙi, tana cikin waɗanda aka hana a 2009.

Mu nan Nijar, bayan Taron Ƙasa na 1991 baki ya buɗe, gidajen radiyo masu zaman kansu suka fito, samarin Yamai suka kafa ƙungiyoyi irin su Lakal Kaney da Wass-Wong da Kaidan Gaskiya. Suna gama Faransanci da Hausa da Zabarmanci, suna magana kan cin hanci da rashin aikin yi da ciwon sida. Zara Musa, wadda aka fi sani da ZM, ta nuna mace ma tana iya riƙe abin magana ta faɗi kukan mata. A fagen silam kuwa Jhonel ya yi suna, shi ne ya kafa bikin silam da barkwanci da ake kira FISH Goni. To, wannan hanya ce ta biyo titin kwalta, ta wuce Damagaram, ta ƙara kilomita wajen 160 gabas, ta iso mana Gure.

Baƙon nan ɗan gida ne

Wani dattijo da ke zaune kusa da ni ya ce wannan duk kwaikwayon Nasara ne. Ban yi masa musu ba saboda girmansa, amma kai zan gaya maka ban yarda ba.

Tuna da ƴan gambara na kasuwa, yadda suke jero magana mai amsa juna, da zambo da habaici, har mai rowa ya sa hannu aljihu don a ƙyale shi. Tuna da tashe cikin watan azumi, inda yara ke kwaikwayon halin manya ba wanda zai ce musu kanzil. Tuna da wasan kara na Damagaram, inda samari ke yin shigar sarki da gwamna da komandan, su kwaikwayi tafiyarsu da maganarsu, masu mulkin na gaske suna zaune suna kallon kansu. Tuna da Ma'azu Ɗan Alalo, makaɗin fadar Damagaram, wanda ya yi wa Bature Bodo waƙa kan aikin tilas na shekarun 1940: a sama kamar yabo, a ƙasa kuwa kukan talakawa ne. Sannan ka tuna da teyatur na zamanin samariya, lokacin mulkin Saini Kunce daga 1974 zuwa 1987, da bikin matasa na ƙasa wanda aka fara a Damagaram a 1976, da wasannin Yazi Dogo da abokansa waɗanda suka sa gari ya yi tsit in an sa su a radiyo ko talabijin.

Ka ga ke nan kowane ɗaya daga cikin abu ukun nan yana da kaka a gidanmu. Kuma duk kakannin nan halinsu ɗaya ne: suna faɗa wa mai ƙarfi abin da talaka ba ya iya faɗa masa ido da ido. Ko teyatur na samariya, wanda hukuma ce ke ba shi darasin da zai koyar, gwanayensa sukan saƙa ma'aikacin bariki mai karɓar na goro da alhajin da ke ɓoye hatsi a cikin labarin, jama'a su yi dariya don sun san su. Da wannan ma'auni na auna wasan Gure, ba da na Amurka ba.

Abin da ya yi kyau

Labarin na wani saurayi ne ɗan ƙauyen bakin kwari. Ubansa yana da garka da ƴan itatuwan dabino, uwarsa tana ɗibar kanwa. Rairayi ya ci garkar. Saurayin ya tafi neman zinariya Jado, kamar yadda dubban samari suka yi bayan an gano ta a 2014, ya zarce Libiya, ya dawo hannu rabbana. Ya tarar an cire ƙanwarsa daga lakwal an yi mata aure. Sai ya koma zaman fada, shayi da ƙwayar taramol.

Ba sabon labari ba ne. Kowane gida a Muniyo yana da irinsa. Gwanintar tana cikin yadda suka nuna shi. Samari huɗu suka shiga ƙarƙashin wani babban zane mai launin ƙasa, suka zama tudun rairayi. Mai silam ya tsaya gefe, ba kiɗa, yana lissafa abin da ubansa ya mallaka. Duk sa'ad da ya kai ƙarshen layi, sai tudun ya matso taki ɗaya. Ya ambaci rogo, tudun ya rufe kwandon rogo. Ya ambaci rijiya, tudun ya haɗiye guga. Ya ambaci tabarmar da kakansa ke salla bisanta, ita ma ta tafi. Wallahi filin nan ya yi shiru har kana jin kukan injin wuta kaɗai. Wata tsohuwa ta bayana ta ce da Barbarci, haka ya yi mana.

Dubi abin da ya faru a nan. Da teyatur ne kaɗai, da sai an sa wani ya tsaya yana bayanin hamada. Da waƙa ce kaɗai, da kunne ya ji ido bai gani ba. Da aka gama su, magana ta zama ita ce ke tura rairayin, kowa kuma yana fargabar layi na gaba. Ba a koya wa kowa kome ba, amma kowa ya fahimta. Wannan shi ne amfanin haɗa abu ukun, kuma yaran sun same shi da kansu.

Wurin zaman fada ma ya yi armashi. Masu rap uku suka zauna gewaye da butar shayi, ɗaya yana kaɗa cokali jikin kofi, wani yana buga bayan tasa, suka bar kiɗan salula. Kowa ya faɗi takardar da ya samu a lakwal da aikin da bai samu ba. Hausarsu ta titi ce, mai gishiri, da ɗan Barbarci a tsakani. Wanda ya ga fim ɗin Zinder na Aisha Maki, wanda ya fito a 2021 kan samarin unguwar Kara-Kara, zai gane irin wannan zama da irin wannan fushi. Samarin da ke kallo suka riƙa amsawa tun ba a ce su amsa ba.

Inda wasan ya karkace

Sai aka zo kashi na ƙarshe, abin ya sake. Aka ɗaga wani farin ƙyalle mai ɗauke da sunan ƙungiyar taimakon da ta biya kuɗin lasifika da riguna. Wani yaro ya shigo da tabarau da jakar takardu, shi ne mai ilimi daga birni. Ya tsaya gaban uban yarinyar ya yi masa wa'azi da Faransanci kan illar auren wuri. Uban, wanda ɗazu muka ga rairayi ya cinye masa gumin shekara talatin, sai aka mai da shi wawa: yana susar ƙeya, yana tuntuɓe, yana tambayar banza don a yi dariya. A ƙarshe ya durƙusa ya tuba, masu rap suka jero sunan ƙungiyar da godiya, aka tafa.

Kada ka ɗauka ina goyon bayan auren wuri. A ƙasarmu wajen ƴan mata uku cikin huɗu ana yi musu aure kafin su cika shekara 18, kuma ni da ke koyar da manyan mata baƙaƙe na san abin da suka rasa. Darasin gaskiya ne. Amma wasan ya yi ƙarya wajen faɗinsa, ta hanya uku.

Ta farko, ya hana uban hujjarsa. Mutumin ƙauye da ke cire ɗiyarsa daga lakwal ba kullum jahilci ke sa shi ba. Sau da yawa babu kwaleji kusa, sai yarinya ta tafi gari ta zauna gidan wanda bai sani ba, ba abinci, ba mai tsaronta. Wannan damuwa ce ta sa aka gina gidan kwanan ƴan mata ƴan makaranta a Kelle, cikin gundumarmu. Wani kuma yana duban ajin zana ne yana tuna gobarar da ta kashe yara wajen 20 a Yamai cikin Afrilu 2021, da wadda ta kashe fiye da 20 a Maradi cikin Nuwamba na shekarar. Da an bar uban ya faɗi waɗannan, da mai tabarau ya yi gumi kafin ya ba shi amsa, da kuwa an yi wasa na gaske. Dambe ba ya daɗi in an ɗaure wa ɗaya hannu.

Ta biyu, duk zargin ƙasa ya gangara, bai hau sama ba. An zargi uba, an zargi uwa, an zargi saurayi mai shan ƙwaya. Ba a tambayi wanda ke shigo da ƙwayar ba. Ba a tambayi dalilin da ya sa malami ke barin aji ya tafi bin albashinsa ba. Ba a tambayi inda kuɗin dashen itace ke tsayawa kafin ya kai hannun matan da ke kafa shingen kalimbo bisa tudu cikin rana ba. Ɗan Alalo ya taɓa Bature mai bulala, wasan kara yana taɓa gwamna, amma jikokinsu masu lasifika sun tsaya kan talaka, wanda ba ya iya rama musu. Dalilin a fili yake. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu, sai ya yi masa aski. Wanda ya sayi lasifika shi ke zaɓen inda za a nufa da ita.

Ta uku, yarinyar da ake faɗa dominta ba ta ce uffan ba. Daga farkon wasa har ƙarshensa tana zaune kanta a sunkuye cikin mayafi. Wanta ya yi magana a kanta, ubanta ya yi, mai tabarau ya yi. Wasan da ke cewa a ba mace dama, shi da kansa bai ba ta layi ɗaya ba. Bayan an tashi na ji ta tana ba ƙawayenta labari da baki kamar reza. Ashe ba iyawa ta rasa ba.

Zancen harshe

Akwai kuma abin da idona ya gani. Muddin ana Hausa da Barbarci, mata suna zaune daram. Da aka juya Faransanci, sai suka fara gyara goyo suna zamewa ɗaya-ɗaya, wai tuwo na jiran su. Kafin mai tabarau ya gama, rabin tabarmin mata ba kowa. Su ne kuwa iyayen ƴan matan da ake zance. To, wa aka yi wa wa'azin? Baƙi uku da ke bisa kujerun gaba, masu ɗaukar hoto da salula don rahotonsu.

Ba ƙin Faransanci nake ba. Duk harshe dukiya ne. Amma tun watan Maris 2025 dokar ƙasa ta ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci na aiki ne. Ko ba doka ma, mai son a ji shi da harshen mai sauraro yake magana. Kuma yaran nan in suna rap da Faransanci, kalmomin aro ne, hannuwansu ma na aro ne, irin na faifan bidiyon waje. In suka dawo Hausa sai ka ga jikinsu ya saki, karin magana na zuwa da kansa. Kayan aro ba ya rufe katara.

Shawara ga samari, da kai ma

Na san abin da za su ce mini: Malam, lasifika kuɗi ce, man inji kuɗi ne, mu kuwa ko na shayi sai mun yi karo-karo. Gaskiya ne. Ba na cewa su ƙi taimako. Amma su lura, wurare biyu da suka fi kama jama'a, wato tudun rairayi da zaman fada, ba su ci ko dala ba: tsohon zane ne da cokali da tasa. Wurin da aka kashe wa kuɗi shi ne ya kori mutane. Wanda ya gane haka ba zai ji tsoron ce wa mai taimako, mun karɓi batunka, amma labarin namu ne, mu za mu ƙare shi yadda muka san yana ƙarewa a garinmu. In ya ƙi, dandali yana nan, farin wata kuma ba a biyan kuɗinsa.

Su rage ƙarar kiɗa, don a wurare da yawa ya danne magana, alhali maganar ce jarin. Su ba ƴan matan nan biyu alƙalami su rubuta nasu da kansu. Su je wurin tsofaffin da suka yi teyatur zamanin samariya, suna nan da ransu cikin gari, su tambaye su yadda ake sa mugu ya yi magana mai ma'ana har mai kallo ya rasa wanda zai bi. Su kuma bar mutane su tafi gida da tambaya. Ba dole ne kowane wasa ya ƙare da tuba da tafi ba.

Kai kuma mai karatu, akwai rabonka a ciki. Na roƙi mai silam ɗin ya nuna mini inda ya tsara maganarsa. Ya fiddo wani ɗan littafin lakwal duk ya yi laushi. Na ga ya rubuta layin rijiya sau biyar yana sokewa kafin ya samu wanda ya zauna. Da baƙaƙen nan da kake koyo ya rubuta shi, da ƙ mai lanƙwasa da ɗ mai lanƙwasa, ba da waɗansu ba. Ɗan gambara na da, in ya mutu maganarsa ta bi shi, sai abin da kunne ya riƙe. Kai kuwa yanzu kana iya ajiye taka, ka gyara ta, ka karanta wa ƴan ajinku, su ce maka nan ka yi gaskiya, nan ka yi son kai. Ba sai kana da hular samari ko lasifika ba. Manomi yana da abin faɗa kan rairayi, mai kanwa tana da abin faɗa kan farashi, wadda aka cire daga lakwal tana da abin faɗa wanda ba mai tabarau da zai faɗa mata shi daidai.

In samarin nan sun sake shirya wasa, ka je, ka tafi da iyalinka. Ka tafa inda suka yi daidai. Inda ka ji bakinsu ne ke motsi amma maganar ta wani ce, ka same su bayan an tashi ka gaya musu cikin mutunci. Yaranmu ne, kuma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Allah ya ƙara musu basira, ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mana kwarurrukanmu. Sai mun sake saduwa.